Dan Allah ku tayani zaben sunan shagon dab'i, na rasa wanda zan dauka

Dan_Samaru ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nazo nema, musamman wajen wadanda suke cikin harkar dab'i ko wadanda suka taba bude shago har sukayi rajista.

Shekara 7 nayi a hannun maigidana a Kano, tun ina sharar shago da dakon rim din takarda har Allah yasa na iya zama kan kwamfuta in hada aiki da CorelDraw, na iya yanka na iya lamineshin na iya dinkin littafi, to yanzu Alhamdulillah shi da kansa ya yayeni ya samin albarka, na dawo gida Zariya na kama dan shago a Samaru. Abinda nake dashi injin DI ne, mai buga aiki kai tsaye daga kwamfuta, guda daya na hannu, sai karamin injin yanka da na lamineshin da kwamfuta biyu da janareta. Manyan ayyuka irin kalanda ko fosta mai yawa zan dinga kaiwa masu babban injin bugu na Kord su bugamin in dawo in karasa a shagona, aikin banner ma haka. Wadanda nake sa ran samu daliban ABU ne masu furojet, sai katin biki, jota, rasit, takardun makarantun islamiyya da sauransu.

Matsalar itace suna. Wallahi sati 3 kenan kudin haya na tafiya, mai rubuta allo kullum sai ya kirani, ni kuma na kasa tsaida magana daya saboda kowa a gida da nasa ra'ayin.

Ni a zuciyata sunan mahaifina nakeso, Allah ya jikansa, shine ya kamo hannuna ya kaini wajen koyon aikin nan lokacin da abokaina suke yawonsu, kuma bai rayu yaga wannan ranar ba. Yayana kuma wanda shine ya bada kusan rabin kudin injin yace a sa Ar-Razzaq Printing Press don neman albarka, in kuma ba haka ba to a hada harafin farko na sunana da nasa. Abokaina sunce duk wannan tsohon yayi ne, in sa irin su Royal Apex Global Concept wai shi yake jawo manyan kwangila. Kanwata dake karantar Hausa ta kawo guda uku, Tawada, Alkalami da Zayyana. Akwai ma wanda yacemin in huta da wahala kawai in dauki sunan shagon maigidana in dan canza harafi daya tunda an riga an sanshi.

Wanne zan dauka? Kuma shin dole ne sai nayi rajista kafin in kafa allo ko zan iya farawa daga baya inyi? Nagode Allah ya bar zumunci.

Mai_Kord64 ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Masha Allah kanina, Allah yasa ka shiga a sa'a, Allah ya kawo kasuwa mai albarka. Nafi shekara 20 ina tsaye a gaban inji don haka bari in gaya maka abinda idona ya gani.

Ka fara da cire na karshen nan, ko a mafarki kada ka taba sunan maigidanka. Mutumin da ya rikeka shekara 7 ya sallameka da albarka, ranar da yaji kwastomansa ya kawo maka aiki yana zaton reshensa ne to ka zubar da abinda kudi basa saya. Kuma kai da bakinka kace wajen masu Kord zaka dinga kai aiki, yan sana'ar nan duk mun san juna, magana daya zata zagaya ace yaron wane ne ya saci sunan ubangidansa, daga nan ko bashin farantin bugu babu mai baka. Abinda ya kamata ma in ka zabi sunan ka kirashi ka fada masa tun kafin kowa yaji, zaiji dadi sosai.

Na biyu maganar hada harafinka da na yayanka. Ni bance yayanka mugu bane, Allah ya saka masa da alheri, amma na taba ganin wa da kani uwa daya uba daya da suka bude shago da haka, shekara 4 ana lafiya, da aka zo rabuwa inji bai zama rigima ba don an kimanta kudinsa kowa ya dauki nasa, sunan ne ya zama rigima, kowa yace nasa ne, sai da dattawan unguwa suka zauna a kai kuma a karshe babu wanda ya ci gaba da amfani dashi, kwastomomin da suka tara duk suka watse. Ku zauna tun yanzu ku fayyace, kudin da ya baka bashi ne ko hannun jari, a rubuta a samu shaidu. Suna kuma ya zama na shagon, ba rabon gado ba.

Yanzu ga yadda nake gwada suna. Mu a wannan sana'ar tallanmu ba a rediyo yake ba, tallanmu shine dan layin nan siriri da muke sawa a kasan kalanda ko bayan jota ko gefen littafin rasit, sunan shago da lambar waya. Wurin baifi tsawon yatsa ba. Ka bude Corel dinka yanzu ka rubuta Royal Apex Global Concept da lambar wayarka mai lamba 11 a girman rubutu 6 ka buga ka gani ko zai karantu daga nesan hannu, sannan ka rubuta Tawada Prints ka kwatanta. Gani ya kori ji.

Gwaji na biyu ka kira wata gwaggonka ko kakarka a waya ka fada mata sunan sau daya, gobe ka sake kiranta kace ta maimaita maka. In ta iya to mai keke ma zai iya, kuma mai keke da dan acaba sune suke kawo bako kofar shago. Su Global Concept da Multi Links da Integrated Ventures din nan, ka zaga kowace kasuwa mai saida siminti dasu yake, mai POS dasu yake, mai kayan gwari ma dasu yake. Babu abinda suke fadawa mutum game da aikinka. A karshe jama'a su zasu rada maka nasu, suce shagon yaron nan mai firintin na kusa da mai shayi, allon kuma yana sama yana shan rana.

Sai abu daya da baka tambaya ba. Zaben 2027 na tafe, aikin fosta zai zo kamar ruwan sama, kada wani ya rudeka ka sa sunan da yake kamshin wata jam'iyya ko wani dan siyasa ko takensa, ko kalar allonka ma ka kula. Mai dab'i na kowa ne, da safe ka bugawa wannan da yamma ka bugawa abokin hamayyarsa, kuma ka karbi kudinka kafin aikin ya fita.

Mai_Rajista ta rubuta:

Slm. Dan uwa ni aikina kenan yiwa mutane rajistar kasuwanci, abu na farko dan Allah ka kira mai allon nan yau kace ya dakata. Kar a taba fenti, kar ka buga rasit, kar ka sassaka hatimi sai CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta kasa, ta amince da sunan. Na sha ganin wanda ya kashe kudi ya buga komai har da riguna, yazo rajista aka tarar wani a Ibadan ko Fatakwal ya rigashi, kuma rajistar ta kasa ce gaba daya ba ta jiha ba, bazaka ce ai shi yana kudu ni ina Zariya ba.

Ka shiga shafin CAC akwai wurin binciken suna kyauta, ka rubuta kowanne cikin wadanda kake tunani kaga masu kama dashi. Ba sai sunan ya zama iri daya sak ake kin karba ba, ko kamanni yayi yawa yadda zai iya rikita mutane ana dawo dashi, to kaga shawarar canza harafi daya a sunan maigidanka ta nan ma ta fadi. In aka amince ana ajiye maka sunan kwana 60, a cikinsu zaka karasa rajistar in ba haka ba ya kubuce.

Akwai kalmomin da dokar kamfanoni wato CAMA ta 2020 ta ce sai da izinin hukumar na musamman, irin su Federal, National, State, Government, Chartered, Cooperative, Group da Holding. Yara masu tasowa suna son Group din nan sosai, shago daya amma Group of Companies, to ka barshi kawai ka huta.

Kan tambayarka ta biyu, doka ta bada kwana 28 daga ranar da ka fara kasuwanci da sunan kayi rajista, wanda kawai ba dole bane shine mai amfani da ainihin sunansa na yanka ba tare da karin komai ba. Amma ni shawarata kayi kafin ka bude, saboda banki bazai bude maka akawun din kasuwanci ba sai da satifiket, kuma wannan yana da muhimmanci fiye da yadda kake zato. Kwastoma yazo zai tura kudi yaga sunan da ya fito a wayarsa daban da wanda ke kan allo, dalibi bazai damu ba amma makaranta ko kungiya ko ofis bazasu turawa akawun din mutum ba, wasu ma sai sun nemi lambar haraji.

A matakinka Business Name ya isheka, shine mai lambar BN, yafi sauki. Limited mai lambar RC sai in kana hangen manyan kwangiloli, kuma yanzu mutum daya ma yana iya bude karamin kamfani shi kadai. Amma in yayanka abokin tarayya ne ba mai bada bashi ba to dole sunansa ya shiga takardun, shiyasa maganar da Baba Mai_Kord yayi ta zama ku fayyace itace gaba da komai. Kuma kada ka manta duk shekara akwai rahoton da ake shigarwa, mutane suna karbar satifiket su jefa a durowa sai ranar da suke neman wani abu tara ta taru.

Wani abu kuma, rajistar CAC daban rajistar tambari daban, ita a karkashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci take. Ba yanzu ba, amma in Allah ya daukaka shagon ka tuna. Haka kuma akwai CIPPON, cibiyar kwararrun masu dab'i da aka kafa da doka a 2007, ka tambayi manyanku na nan Zariya yadda ake shiga.

A cikin sunayenka Tawada ko Zayyana sunfi yiwuwar wucewa, in an rigaka sai ka kara kalma daya mai bambantawa. Ranar da aka amince kuma a ranar ka kama sunan a Facebook da Instagram da TikTok da WhatsApp Business, rubutu iri daya a ko'ina.

Uwar_Biki ta rubuta:

Kanina ni ba yar sana'arku bace, mai kawo muku aiki ce, ina hada kayan rabon biki da suna, jota da kalanda da sitika da jaka, kusan duk wata sai na shiga shagon masu firintin. Gaskiya Baba Mai_Kord ya fadi gaskiya, duk mai buga min aiki da nake dashi yanzu a bayan jotar wani biki na samo lambarsa, in naga aiki yayi kyau kala bata zuba ba hoton amarya bai yi duhu ba sai in juya baya in duba waye yayi.

Amma maganar sunan mahaifinku ce ta tsayamin a rai, Allah ya jikansa yasa ya huta. Na fahimci abinda kakeji wallahi, nima marainiya ce. Sai dai kayi tunanin mahaifiyarku in tana raye. Matan da irin iyayenmu basa fadar sunan miji, har bayan ransa sai dai suce malam ko maigidan ko babansu wane, to ya zatayi ta tallata shagon danta a gidan biki? Kawayenta su tambayeta ya sunan shagon tayi shiru? Kai kanka in aka kira waya zaka daga kace nan shagon wane ne, ka kama sunan mahaifinka gatsal sau 30 a rana?

Sannan ka yafemin zan fadi wata mai daci. Sana'arku sana'a ce ta alkawari, kuma dole wata rana a samu matsala, wuta ta dauke, inji ya tsaya, a kuskure harafi a sunan ango. Ni kaina an taba kawomin katin daurin aure da ranar da ba ita ba, saura kwana 4, abinda bakina ya fada ranar Allah ya yafemin, kuma sunan shagon na dinga kira ina fada. Ka so ace sunan bawan Allah da yake kwance a kabari ne a bakin mai fushi? Ni dai da nice bazan sa ba.

Zayyana yayi min dadi a kunne, yana da kamshin biki.

Dan_Shomolu ya rubuta:

Ni kam ban yarda da yawancin maganganun nan ba gsky. Nayi aiki a Shomolu a Legas inda nan ne cibiyar firintin ta kasar nan, kuma na zauna da yan Area 10 a Abuja, suna na turanci shi yake bude kofa. Ku tuna a Samaru zai zauna fa, ABU kowace kabila akwai, Bayarabe da Igbo da Tibi da Idoma da yan kudancin Kaduna duk sune masu furojet din, in suka ga Zayyana me zasu gane? Zasu dauka sunan mai shagon ne ko shagon dinki. Kuma watarana zai nemi aikin kungiyoyi masu zaman kansu a Kaduna ko Abuja, kan takardarsa ne zai fara shiga ofis kafin shi. Ban ce ya sa Royal Apex kaza kaza ba, wannan yayi tsawo, amma gajeren turanci kalma biyu yafi. Tawada kuma wlh mutane zasu dinga shigowa tambayar tawadar firinta.

Malamin_Tudu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ɗana, Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya jiƙan mahaifinka. Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Zariya, ban taɓa riƙe inji ba, amma ina da magana biyu.

Ta farko ga mai cewa sunan Hausa ba ya buɗe ƙofa. Ɗana Dan_Samaru kai ɗan Zariya ne, amsar tana garinku. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a nan aka fara ta a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945 a nan Zariya, maɗaba'a ce sukutum wadda ta buga littattafan da iyayenku da kakanninku suka yi karatu da su a faɗin Arewa. Yau ka tare mai keke ka ce Gaskiya za ka, ba zai tambaye ka ina ne ba, sunan maɗaba'a ya zama sunan unguwa. Kalma ɗaya ce ta Hausa, kuma Bature da Bayarabe da kowa sun iya faɗinta. A Kano ma kamfanin Triumph mai sunan Turanci da ya tashi fitar da jaridun Hausa ai Albishir da Alfijir ya sa musu. Ɗalibin da ya iya cewa Samaru da Kongo da Ɗanraka ba zai kasa cewa Tawada ba. Inda na yarda da Dan_Shomolu shi ne dole baƙo ya gane me ake yi a shagon, to wannan aikin kalma ta biyu ce, ka sa Prints ko Press a gefe, a ƙasan allon kuma ka jera ayyukanka da Hausa da Turanci.

Amma a cikin ukun da ƙanwarka ta kawo ka lura da rubutu. Alƙalami suna ne mai daraja, sai dai yana da ƙ mai lanƙwasa, a takardun rajista da na banki da adireshin intanet za ta koma k, kai kuma a allo za ka so ka rubuta daidai, sai ya zama suna biyu. Duk kalmar da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ko alamar ɗauri irin ta ɗab'i haka za ta yi maka. Zayyana kuwa ma'anarta ta fi kowacce dacewa, ita ce adon da ake yi wa allon mai saukar Alƙur'ani, aikin hannu na ƙawa da natsuwa, kusan abin da kuke yi ke nan a kwamfuta. Illarta ɗaya, wani zai rubuta da y ɗaya wani da biyu, mai nemanka a Facebook ya ɓata. Tawada ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, yadda aka ji ta haka ake rubuta ta, kuma duk wanda ya yi makarantar allo ya san ƙamshinta.

Magana ta biyu ita ce ta yayanka, kuma ita ta fi damuna. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma Ar-Razzaq sunan Allah ne, ko mutum ba a kiransa da shi sai an ce Abdur-Razzaq. Ka dubi inda takardunku suke ƙarewa. Duk aikin da za a buga sai an ɓata wasu wajen daidaita kala, waɗannan ɓatattun su ne ake kwasa a kai wa mai tsire da mai ƙosai, rasit ana yar da shi a ƙasa, fosta ruwa ya sauke ta cikin kwata, kalandar bara a shimfiɗa ta a ci abinci a kai. Kuma a ƙasan kowacce akwai sunan shagonka. Mai sayar da atamfa allonsa ɗaya ne, kai kuwa sana'arka ita ce ninka sunanka sau dubbai ka watsa a gari. Malamai da dama sun yi gargaɗi a kan sa sunayen Allah a irin waɗannan wurare saboda wannan dalili. Ka je da yayanka wurin malamin da yake girmamawa ku tambaya tare, kada ka kai masa maganar kamar kana ƙin ra'ayinsa.

Albarkar da yake nema tana cikin cika alkawari da rashin rage wa mutane adadi, in an ce 500 a ƙirga a samu 500.

Mai_Kord64 ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam wannan magana ta batattun takardu haka take, mu da Kord mai kala daya sai takarda ta bi inji sau 4 kafin aiki ya fito, kowane zagaye sai an bata wasu, buhu buhu ake kwashewa.

Amma Hajiya Uwar_Biki ni ban goyi bayan a rufe kofar sunan mahaifi gaba daya ba. Dantata da Dangote ai sunayen gida ne kuma babu inda basu shiga ba. In mahaifin nasa yana da lakabi ko sunan gidansu da aka sansu dashi a cikin birni, wanda ba sunan yanka ba, wannan mahaifiyarsa zata iya fada, kuma mutanen da suka san marigayin zasu kawo aiki saboda shi. Sai dai nauyi ne, wanda ya dauki sunan gida ya dauki mutuncin gidan gaba daya ya dora a kan teburin yanka, kuma yan uwansa duk suna da hakki a sunan. Shi yasan gidansu.

Dan_Shomolu kuma masu shigowa tambayar tawadar firinta ai ba asara bace, ya ajiye kwalabe kadan a kanta ya saida musu, wanda ya shigo yau don tawada gobe shi zai kawo katin bikinsa.

Dan_Samaru ya rubuta:

Wallahi bansan da wane baki zan gode muku ba, Allah ya saka da alheri ya biya bukatu. Na karanta kowanne yafi sau uku.

Hajiya maganarki ta sani hawaye, don mahaifiyarmu tana raye kuma tunda nake ban taba jin ta kama sunansa ba, ni ban ma kawo wannan a raina ba sam. Jiya da daddare na zauna da ita na fada mata duk sunayen, da nazo kan nasa shiru tayi can tace in bar mata shi a addu'a. To na barshi. Baba Mai_Kord bamu da wani lakabin gida da ya shahara, don haka wannan kofar ma babu. Abinda na yanke shine duk shekara in Allah ya hore zan dinga bugawa islamiyyar unguwarmu takardun sakamako da na jarabawa kyauta da niyyar ladan ya isa gareshi, shi ya kasance yana zama a kwamitinta.

Nayi gwajin da kace. Na buga sunayen a kasan wata tsohuwar jota, na abokaina sai da ya karye layi biyu. Na kira gwaggona dake Giwa na fada mata Tawada da Zayyana, yau da safe na sake kira, Tawada ta fada nan take, dayan kuma tace Zayyanu, wai ta dauka sunan yaron shagon ne. Dan_Shomolu kaga ta nan kayi gaskiya, kuma zan sa Prints din a gefe da jerin ayyuka da turanci saboda dalibai.

Allah ya gafarta Malam, yayana munyi magana, da farko ransa bai so ba amma da na karanta masa abinda ka rubuta kan takardun da ake kaiwa masu tsire sai yace astagfirullah shi bai hango nan ba, ko wajen malamin ma bamu kai ga zuwa ba. Kudin kuma yace bashi ne in biya a hankali cikin shekara 2, ranar Juma'a bayan masallaci zamu rubuta a gaban kawunmu.

Mai allo na kirashi ya dakata. Maigidana zan kirashi da zarar sunan ya fito.

Anti Mai_Rajista na duba shafin kamar yadda kikace amma netwok ya dinga yankewa ban gama ba, gobe zan sake. Tambayata in na tarar an riga an dauki Tawada Prints, in na kara Samaru ko Zazzau a gaba zai wuce? Kuma wanne yafi a cikin biyun, don ina tunanin in Allah ya buda nan gaba zan so in bude wani a Sabon Gari ko PZ, kar sunan Samaru ya daureni wuri daya.